Bas Ɗin Da Ba Ya Ɗaukar Kwando

Hadassah Absalom ta fara sanin Bobboyi ne a ƙarshen shekarar 2014, makon da mutanen Mubi suka cika Yola da Jimeta. Lokacin ta gama karatun tsara birane ke nan, tana zaune gidan mahaifinta a Rumde tana jiran aiki. Cocinsu ya ɗauki nauyin ciyar da 'yan gudun hijirar da aka sauke a wata makarantar firamare, aka sa ta cikin masu kai abinci. Ranar farko suka fito da manyan tukwane uku bakin titi, babu mai keke mai ƙafa uku da ya yarda ya tsaya. Can sai ga wani keke da gilashin gabansa ya tsage, an ɗaure rufinsa da igiya. Mai shi ya sauko da kansa ya kama tukunya.

A hanya ya gaya mata cewa shi ma daga Mubi yake. A cikin wannan keken ya fito da mutum tara, matarsa da 'ya'yansa da wata tsohuwa makwabciyarsu, suka yi kwana biyu kafin su ga gadar Jimeta. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, siriri, ba ya ɗaga murya. Daga ranar kullum shi ke kai musu abincin, kyauta.

A cikin kekensa ne Hadassah ta fara kallon garin da idon karatunta. An hana acaɓa saboda tsaro, mutane sun ninka, shingen bincike ko'ina. Za ka ga mutum hamsin tsaye bakin titi cikin rana, keke ɗaya ya zo, a yi ta turereniya a kansa. Wata rana suka ɗauki wani dattijo da ya tako da ƙafa tun daga Yola zai je asibiti a Jimeta, leɓɓansa sun bushe.

"Hamma Bobboyi, garin nan bas yake bukata," in ji ta, tana kiransa yaya da Fulatanci. "Manya, masu lokaci, ba wannan wahalar ba."

Ya yi dariya. "To Malama, ki kawo mana. Mu ma mu huta da zagin fasinja."

Ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Bayan shekara biyu ta haɗa abokan karatunta uku suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Hanya Ta Kowa. Ba su da ofis, a zauren gidan mahaifinta suke zama. Abu na farko da ta ga ya kamata shi ne a san ko su wane ne ke bin hanyar Yola zuwa Jimeta, da ƙarfe nawa, kuma ina za su. Ta sayi babban littafi mai baƙin bango, Bobboyi ya riƙa zagayawa da ita. Ranar da ba ta samu fitowa ba, shi ke riƙe littafin, yana ja wa kowane fasinja layi ɗaya.

Da farko takan fito ƙarfe bakwai da rabi, lokacin ma'aikata da 'yan makaranta. Bobboyi ya ce, "Malama, kina makara. Idan kina so ki ga masu hawa na gaske, ki zo mahaɗar Njuwa ƙarfe shida."

Ta je. Ta tarar da mata sun fi talatin a bakin titi, kowace da kwando ko buhu: alayyahu, yakuwa, latas, kuɓewa, albasa mai ganye. A bakin tafkin Njuwa suke nomansu, su tsinka da sassafe, su yi sauri su isa babbar kasuwar Jimeta kafin rana ta taɓa ganyen. Babbarsu ita ce Goggo Asta, mace gajera mai ƙarfi, wadda ta fi shekara ashirin tana wannan hanya. Ta dubi littafin da ke hannun Hadassah ta ce, "Haraji ne?"

"A'a Goggo, bas muke nema muku."

"Bas zai ɗauki kwando?"

"Don me ba zai ɗauka ba?"

Wata uku Hadassah ta yi tana zuwa wurin. Ta san sunayensu, ta san wadda ke da ciwon gwiwa da wadda mijinta ya ɓata a hanyar Madagali. Goggo Asta ta koma kiranta "ɓingel am", wato 'yata da Fulatanci, kamar yadda take kiran 'ya'yan cikinta, kuma ba ta taɓa barin ta ta tafi ba tare da ɗaurin yakuwa ba. Shafi goma sha ɗaya na littafin nan, duk matan Njuwa ne da kayansu.

Shekaru suka tafi. Garin ya lafa, wasu 'yan gudun hijirar suka koma, wasu suka zauna. Ƙungiyar ta samu ɗaki ɗaya a saman wani shago a Jimeta. Suka dasa itatuwa a wuraren jiran mota, suka yi ta rubuta wasiƙu a kan hayaƙi da cunkoso. Wani gidan rediyo ya ba Hadassah rabin awa kowace Asabar, har mutane suka laƙaba mata Madam Bas. Aka fara gayyatarta taro a Abuja, inda takan tsaya gaban allo ta ce, "Binciken da na gudanar ya nuna..." Ta sayi ƙaramar mota. Idan ta haɗu da Bobboyi a titi sai ta danna masa hon, shi kuma ya ɗaga hannu.

Bayan man fetur ya yi tsada, abin da ta shekara takwas tana nema ya zo kusa. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta yarda ta taimaka a kawo bas shida masu amfani da gas, wani kamfani ya tafiyar da su. Aka kafa kwamiti, aka sa Hadassah sakatariya. Shugaban kwamitin, Alhaji Abdulhakeem, tsohon ma'aikacin gwamnati ne wanda ya san yadda takarda ke wucewa da yadda take maƙalewa. Ya karanta rahoton da ta shirya, ya kira ta ofishinsa.

"Rahoton ya yi kyau," in ji shi. "Amma wannan babin na masu ganye, ki cire shi."

"Ranka ya daɗe, su ne kashi ɗaya cikin huɗu na fasinjan safe."

"Na gani. Amma motocin da kamfani ke da su a ƙasa na kujeru ne zalla. Idan mutanen nan suka ga maganar kwando, za su ce a sake nazari, a nemo wata irin mota. Shekara biyu ke nan. Kafin nan sun kai kayansu wata jihar. Mu samu bas ɗin tukuna, sauran a gyara daga baya."

Akwai kuma sharaɗin kamfani: daga ƙarfe shida zuwa goma na safe, kada keke ya bi babban titin, don motocin su samu cika.

Hadassah ta koma ofis ta zauna gaban kwamfuta. Ta gaya wa kanta cewa mutum dubu nawa za su amfana. Ta gaya wa kanta hayaƙi zai ragu, 'yan makaranta za su daina makara, kuma da zarar motocin sun fara aiki ita da kanta za ta tayar da maganar matan. Ta goge babin. Washegari ta sa hannu a takardar hana keke. Ta yi niyyar neman Bobboyi ta yi masa bayani, amma kullum sai wani abu ya taso. A rediyo ya ji labarin, da muryarta.

Motocin suka iso a watan Maris, masu launin kore da fari, masu sanyi a ciki. Mako uku da fara aiki, wata jami'a daga ƙungiyar agajin ta zo daga Abuja ta ce tana so ta hau motar farko da kanta. Hadassah ta raka ta. Suka shiga a Yola ƙarfe shida da kwata, suka zauna kusa da taga, baƙuwar tana ɗaukar hoton ma'aikatan jinya da ɗalibai da ke zaune cikin natsuwa. Hadassah tana ta bayani, zuciyarta fari ƙal.

Sai motar ta tsaya a mahaɗar Njuwa.

Suna nan, kamar yadda ta bar su shekarun baya, sai dai sun ragu. Suka taso da kwandunansu. Kwandasta ya tare ƙofa da hannu.

"Na gaya muku jiya, na gaya muku shekaranjiya. Ba a shiga da kaya. Jaka kawai."

"To ina za mu bi? Kun kori keke!" in ji ɗaya daga cikin matan.

"Ni ba ni na yi doka ba, Mama."

Goggo Asta tana gaba, kwandon alayyahu a kanta, ruwa na ɗiga a kafaɗarta. Ta ɗaga ido, ta hango taga. Fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta matso ta buga gilashin da tafin hannu.

"Hadasa! Ɓingel am! Alhamdu lillahi. Ki faɗa masa, ki faɗa masa mu ne!"

Mutanen cikin motar suka juyo. Baƙuwar ta sauke wayarta, ta tambayi Hadassah da Turanci ko ta san matar, kuma me ke faruwa.

Hadassah ta dubi baƙuwar. Idan ta ce ta san ta, tambaya ta gaba ita ce su wane ne waɗannan, ta bayanta kuma me ya sa babu su a rahoto. Ta yi ɗan murmushi.

"Saboda rediyo ne, kowa ya san ni," ta ce. "'Yan kasuwa ne, suna da tasu hanyar."

Ta sunkuyar da kai kan wayarta kamar saƙo ya shigo. Tana jin bugun gilashin dab da kunnenta, sau biyu, sau uku. Ƙofa ta rufe, motar ta tashi. Ba ta ɗago ba sai da suka wuce gidan mai na gaba.

Ranar ta yi jawabi a gaban kwamiti, aka tafa mata. Baƙuwar ta rungume ta a filin jirgi. Da yamma ta koma Rumde, aka kawo tuwo, ta wanke hannu ta zauna tana kallonsa. Mahaifinta, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana gefe yana gyara ƙafar tabaraunsa da zare.

"Ba ki da lafiya ne?"

Ta gaya masa. Ba ta rage komai ba, har da babin da ta goge. 

"Da sunanki ta kira ki?"

"E, Baba."

"Matar nan da ke aiko mana da yakuwa?"

"Ita."

Ya mayar da tabaraun fuskarsa, ya miƙe. "Ki rufe tuwon kada ƙuda ya hau," ya ce, ya shiga ɗaki. Da ya yi mata faɗa da ta fi jin sauƙi.

Ta ce gobe za ta je Njuwa. Gobe ta yi, ba ta je ba. Ta daina shiga babbar kasuwa, ta koma sayen kayan miya a wurin mai tebur a unguwa. Idan aiki ya kai ta Yola sai ta bi ta doguwar hanya don kada ta wuce mahaɗar. Duk keken da ta hango da tsagaggen gilashi sai ta kawar da kai, ko da yake ta san Bobboyi ya daɗe da sauya nasa.

Ranar Asabar ta shiga ɗakin shiri kamar kullum. Ta yi bayanin yawan hayaƙin da bas ɗaya ke ragewa, aka buɗe layi. Mutum biyu suka yi yabo, wani ya yi ƙorafin kwandasta. Sai na huɗu.

"Salamu alaikum. Malama, Bobboyi ne, mai keke."

Ta riƙe gefen tebur. "Muna jin ka."

"Tambaya ɗaya ce. Littafin nan mai baƙin bango da muka cika ni da ke. Shafukan Njuwa, an kai wa masu bas ɗin, ko ba a kai ba?"

Muryarsa tana fitowa tar, kamar yana tsaye a ɗakin. Mai kula da na'ura yana kallonta ta gilashi, yana jiran ta amsa.

"Halo? Halo?" in ji Hadassah. "Da alama layin ba shi da kyau. Mu ɗauki kira na gaba."

Mai na'urar ya dube ta, ya dubi allonsa, ya katse kiran. Da aka gama shirin ba ta tsaya sun gaisa ba. Ta shiga mota ta kulle ƙofa, ta kifa kanta a kan sitiyari. Zafin motar kamar tanda, amma ta kasa kunna ta. A bas tana iya cewa abin ya zo mata ba shiri. Wannan karon ta ji tambayar sarai, ta kuma zaɓi abin da ta yi.

Ranar Litinin ta ajiye motar a gida, ta hau keke ta bayan gari har bakin tafki. Wajen ƙarfe goma ne. Ta bi ta kan kunyoyi, takalminta na nutsewa cikin laka, tana tambaya har aka nuna mata gonar Goggo Asta. Fage biyu na alayyahu sun yi tsawo sun fitar da kai, alamar an bar su ba a tsinka ba. Goggo tana zaune ƙarƙashin rumfar kara tana ware albasa.

Da ta gan ta sai ta miƙe da sauri, ta kakkaɓe tabarma. "Lale, lale! Jam na? Yau ke ce a gonata?" Ta zuba mata ruwa a kofi. Ta tambayi Baba, ta tambayi aiki. Hadassah tana amsawa da ƙyar.

"Goggo, yaya kuke yi yanzu da kasuwa?"

"To, ga mu nan. Mu ɗauka a ka har bayan makabarta, mu hau keke, ya sauke mu, mu sake wani, don ba su isa su hau babban titi ba. Keke uku. Kafin mu kai tara ta wuce, ganye ya kwanta, masu saye sun watse. Zulaihatu da Naziha sun bari, gwiwa ba za ta iya ba. Wasu 'yan sari ke biyo su har gona su ɗauka yadda suka ga dama." Ta nuna fagen da hannu. "Wancan na bar wa awaki."

Ta ci gaba da ware albasa, sai ta yi 'yar dariya.

"Kin san abin dariya? Kwanaki na ga wata a cikin bas ɗin, wallahi kamar an tsaga kara. Na yi ta buga gilashi ina kiran sunanki kamar mahaukaciya. Matan nan suka ce ke ce, wai kin yi kamar ba ki gan mu ba. Na ce musu ƙarya kuke yi. Na ce idona ne ya fara lalacewa, Hadasa ba za ta yi haka ba. Har muka yi kwana biyu ba ma magana da Aishat a kan wannan."

Hadassah ta ajiye kofin. Ga hanya an buɗe mata; da ta yi dariya ita ma, shi ke nan. Ta dubi hannuwan matar, duk sun tsattsage da ruwa da ƙasa.

"Goggo, ni ce."

Hannun Goggo ya tsaya.

"Ni ce a motar. Na gan ki, na ji ki. Kuma tun kafin wannan, ni na cire ku daga takardar da aka kai wa masu bas. Ni na sa hannu aka hana keke. Na san abin da zai same ku."

Goggo Asta ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta daɗe tana kallon tafkin, inda wani masunci ke jan koma. Sannan ta ɗauki albasa ɗaya ta cire mata busasshen ganye.

"To," ta ce. "Sai in je in ba Aishat haƙuri."

"Goggo, ki yafe mini."

"Allah muke roƙo ya yafe mana duka." Ta tattara albasar cikin buhu. "Madam, rana tana yi. Ki bi ta kunyar hagu, ta fi bushewa."

Ba ta taɓa kiranta Madam ba sai ranar.

Daga nan Hadassah ta wuce neman Bobboyi. Ta same shi a wata 'yar tasha da 'yan keke suka yi a lungu bayan kasuwa, keke sun fi ashirin a jere ba fasinja. Yana zaune a kujerar baya yana cin gyaɗa. Bai sauko ba.

"Layin ya gyaru?" ya ce.

 Ta tsaya a gabansa cikin rana, ta gaya masa abin da ta gaya wa Goggo. Ta ce tana so ya zo gaban kwamiti tare da ita, su nuna littafin.

"A'a Malama. Ba zan zo in tsaya bayanki a ɗauki hoto ba." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Ni ban ƙi bas ba. Ni na ce ki kawo. Da kin zo kin ce, Hamma, ga abin da suka ce, da mun zauna mun nemi dabara. Amma a rediyo na ji, ina tuƙi, da fasinja a baya. Kuma a rediyo kika mayar da ni wanda ba a jin maganarsa. Idan akwai abin da za ki faɗa, can za ki faɗa."

Asabar ta zo. Ta shiga ɗakin shiri da littafin a hannu. Ba ta gaya wa kowa a kwamiti ba, don ta san idan ta faɗa za a lallashe ta, kuma ta san za ta lallasu. Da fitilar fara shiri ta kama, ta ce makon jiya wani bawan Allah ya kira, layinsa lafiya lau yake, ita ce ta ƙi amsawa. Ta faɗi sunansa, ta ce rabin binciken da take kira nata shi ya yi shi. Ta karanta adadin matan Njuwa da na kwandunansu, rana bayan rana. Ta ce an cire su daga rahoto, kuma hannunta ne ya cire. Ba ta ambaci sunan Alhaji ba.

Kafin ta sauko daga bene wayarta ta fara ƙara. Alhaji Abdulhakeem ya ce, "Kin san abin da kika yi? Kin ɗauki aikin shekara takwas kin jefa a kogi don ki ji sanyi a ranki." Ita ma ta yi wannan tunanin. Ƙungiyar agajin ta rubuto tana neman bayani, ta dakatar da ƙarin bas huɗu da aka yi alkawari. Aka sauke Hadassah daga kwamiti. Biyu daga cikin abokan da suka kafa ƙungiya tare suka fita, ɗaya ya ce mata ta ɓata musu suna. A coci wasu suka riƙa gaishe ta da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Wasu masu kira kuma suka ce saboda ita unguwarsu ta rasa bas, kuma gaskiya suka faɗa.

Gyaran da aka samu ba ita ta samo shi ba. Matan Njuwa da shugabannin 'yan keke ne suka haɗu suka nemi ganin kwamiti. Sun zo ofishinta ta rubuta musu wasiƙa, suna faɗa tana bugawa, inda ta sa kalmar da ba su gane ba su ce ta cire. Ranar zaman ta raka su har ƙofa, ta zauna a benci a waje awa uku, tana jin muryar Goggo Asta na tashi da sauka ta cikin bango. Sau huɗu suna komawa. A watan Agusta aka amince a cire layi uku na kujerun baya a bas biyu, su riƙa ɗaukar kaya a sawun farko da na biyu, kuma dokar hana keke ta koma daga ƙarfe bakwai da rabi.

Da aka cire kujerun, Hadassah ta je lungun bayan kasuwa don ta gaya wa Bobboyi. Aka ce ai ya fi wata guda da tafiya. Ya kwashe iyalinsa ya koma Mubi, bayan shekara goma. Wani ya ba ta sabuwar lambarsa. Ta tsaya a tashar bas ta kira.

Ya amsa da fara'a irin ta baƙo. Ya ce Mubi lafiya, an gyara rufin gidan, yara sun shiga makaranta. Ta gaya masa labarin kujerun da na ƙarfe bakwai da rabi.

"Madalla," ya ce. "Matan nan za su huta."

"Hamma, da ka ƙara haƙuri kaɗan..."

"Wata huɗu na yi ina haƙuri, Malama. Yara ba sa cin haƙuri." Ta ji ƙarar titi a bayansa. "Na ji shirin ranar. Kin karanta lambobin daidai, sai ranar Laraba ɗaya da kika ce sha bakwai. Ashirin da bakwai ne, rubutuna ne bai fita ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji wata murya daga nesa tana kiran keke.

"Na samu fasinja," in ji shi. "Ki gai da Baba."

Har yau Hadassah tana wannan aiki. Ƙungiyar ta koma mutum biyu, ba a cika gayyatarta Abuja ba. Yanzu hanyar Jambutu take bi, tana ƙirga masu kifi da masu itace, tana fita ƙarfe biyar da rabi. Goggo Asta tana amsa gaisuwarta idan sun haɗu, ta tambayi gida, ta wuce.

Ranar da ta yi waya da Bobboyi, bas ya iso tana tsaye da wayar a hannu. Ɗaya daga cikin biyun da aka cire wa kujeru ne, yana komawa Yola. Babu wurin zama, sai ta wuce baya ta kama ƙarfe. Ƙasan wurin duk jiƙe yake, ga guntayen ganye sun manne. Wata mata da ba ta sani ba ta jawo tulin kwandunanta da babu komai a ciki, ta kifa ɗaya, ta ce mata ta zauna. Hadassah ta yi godiya ta ce nan kusa za ta sauka. A tsaye ta tafi har Yola.